NCE, Digiri Ko Zaman Gidan Makaɗi: Wace Hanya Ta Dace Da Mai Son Koyar Da Kiɗa A Makaranta?

Kafin ka sayi fom, fara da duba aikin da ke jiranka. A firamare da ƙaramar sakandare ta gwamnati, ko a Kano ko a Jigawa, kiɗa ba darasi ne mai zaman kansa ba. Manhajar ilimin bai-ɗaya ta shekara 9 da hukumar NERDC ta tsara ta cusa shi cikin darasin al'adu da fasahar ƙirƙira, wanda malamai ke kira CCA, tare da zane da wasan kwaikwayo da rawa. Sai a babbar sakandare yake tsayawa da ƙafarsa, a matsayin darasin zaɓi a WAEC da NECO, kuma makarantun karkara da ke rubuta shi ba su da yawa. Ke nan wanda ya fito da shaidar kiɗa ya koma Ringim ko Rano ko Birnin Kudu, aikinsa na yau da gobe zai kasance ajin CCA, da badujalar makaranta idan akwai ganguna da begila a sito, da shirya yara faretin 27 ga Mayu da 1 ga Oktoba da gasar wasanni tsakanin gidaje. Duk hanyar da za ka zaɓa, da wannan ma'aunin za ka auna ta.

Hanya ta farko ita ce NCE, wato takardar shaidar malanta ta ƙasa, shekara 3 a kwalejin ilimi. Ita ce mafi ƙarancin shaidar da doka ta yarda a koyar da ita a Najeriya, ita ce kuma hukumomin ilimin bai-ɗaya na jihohi, wato SUBEB, suka fi sani. Kuɗinta ya fi sauƙi, makin shiga bai kai na jami'a ba, kuma akwai fita koyarwar gwaji, wato TP, inda za ka tsaya gaban aji na gaske ana duba ka. Babbar fa'idarta a wurinmu ita ce haɗin darussa. Yawancin kwalejoji kan ba da kiɗa haɗe da wani darasi, kamar Turanci ko nazarin zamantakewa, wasu kuma kan ba da shi shi kaɗai ninki biyu. Ga ɗan karkarar Kano, shawararmu a ɗauki haɗin. Hedimasta da ke neman malamin Turanci zai karɓe ka hannu bibbiyu, daga baya ya miƙa maka makullin siton ganguna. Wanda ya zo da kiɗa zalla kuwa sai ya yi ta bayani.

Inda take da rauni shi ne awannin riƙe kayan kiɗa. Darussan ilimi da na gama-gari da darasi na biyu suna cinye mako, sai ɗalibi ya kammala yana iya zana layuka biyar ɗin da ake rubuta kiɗa a kansu a allo amma bai iya busa waƙa ɗaya daga farko zuwa ƙarshe ba. Mai NCE kuma ba ya zuwa bautar ƙasa, kuma bisa al'ada a matakin albashi na 7 ake ɗaukarsa, mai digiri a na 8.

Sai batun wuri, wanda shi ne ke karya wa mutane da yawa gwiwa. Kada ka ɗauka cewa tun da akwai kwalejin ilimi a Gumel ko Bichi ko Kumbotso, to kowane kwas yana nan. Kowace makaranta da jerin kwasa-kwasan da aka amince mata, kuma jerin yana canzawa. Buɗe kundin JAMB na shekarar da za ka nema, ka nemo kiɗa, ka ga sunayen da suka fito ƙarƙashinsa. Za ka tarar yawancinsu a kudu suke. Daga cikin waɗanda aka daɗe da sanin suna da sashen kiɗa akwai ta Pankshin a jihar Filato, gaba da Jos, da ta Okene a Kogi, da ta Abeokuta, da Alvan Ikoku a Owerri. Wasunsu an ɗaga su zuwa jami'o'in ilimi, kuma dokar 2023 ta ba kwalejojin ilimi na tarayya damar ba da digiri tare da NCE, don haka ka tambaya wace takarda ce za ta fito da sunanka. Kuɗin mota sau biyu ko uku a shekara, da haya, da abinci a garin da ba ka da ɗan'uwa, su ne ainihin tsadar karatun, ba kuɗin makaranta ba.

Hanya ta biyu digiri, kuma a nan ne ake yawan yin kuskure, domin digirin iri biyu ne masu kama da juna a suna. Akwai digirin kiɗa zalla a tsangayar fasaha, akwai kuma digirin koyar da kiɗa da ke ratsa tsangayar ilimi. Dukansu shekara 4 ne ta hanyar UTME, wato jarrabawar JAMB, ko 3 ga mai NCE da ya shiga kai tsaye aji biyu. Na farkon ya fi ba da lokaci a kan kayan kiɗa, da ilimin haɗa sautuka, da tarihin kiɗan Afirka da na Turai, da jagorantar ƙungiya. Amma ba takardar malanta ba ce. Hukumar TRCN, wadda dokar 1993 ta kafa don rajistar malamai, tana neman shaidar ilimi kafin ka zauna jarrabawarta, don haka mai digirin kiɗa zalla sai ya ƙara PGDE, wato diflomar koyarwa ta bayan digiri, kusan shekara guda, a wata jami'a ko a cibiyar NTI ta Kaduna. Digirin koyar da kiɗa kuwa da TP ɗinsa a ciki, kana gamawa sai jarrabawar TRCN da rajista.

Wanne ya fi? Idan niyyarka aji ce tun farko, ɗauki na ilimi ka huta. Idan hannunka ya riga ya faɗa a kan wani abin kiɗa kuma kana hangen koyarwa a kwaleji nan gaba, ɗauki zalla ka ƙara PGDE. Jami'ar Nsukka ce ta fara buɗe sashen kiɗa a ƙasar nan tun farkon shekarun 1960, sannan akwai Ile-Ife da Abraka da Awka da Uyo da Fatakwal. Ka lura da wani tarko: sashen wasan kwaikwayo, irin na Zariya ko na Bayero, fanni ne daban. Yana da amfani ga ajin CCA, amma ba a kafa shi don ya koya maka karanta rubutun kiɗa ko gyara busar yara talatin ba.

Sharuɗɗan shiga su ne kiredit 5 har da Turanci, sauran kuma kowace jami'a da nata. Wanda bai rubuta kiɗa a WAEC ba, wasu sassan kan karɓi shaidar jarrabawar kiɗa mataki-mataki ta MUSON, ƙungiyar kiɗa ta Najeriya da ke Legas, ko ta ABRSM, hukumar jarrabawar kiɗa ta Burtaniya, wasu kuma kan yi gwaji ido da ido. Gwajin kan ɗauki siffa ɗaya: a buga sauti a fiyano a ce ka maimaita da murya, a tafa wani salo a ce ka tafa, a ce ka kaɗa ko ka busa abin da ka shirya, wani lokaci a ajiye maka takardar rubutun kiɗa a ce ka karanta. Yaron da ya tashi yana jin kalangu a gidan biki ba ya faɗuwa a tafi. Takardar ce ke kayar da shi. Wata 6 na koyon do re mi da layuka biyar da tsawon kowane sauti, rabin awa kullum, ya isa ya cire wannan tsoron. Abin da ya kamata a sani tun da wuri, ɗalibai da yawa a waɗannan sassa daga ƙungiyoyin waƙar coci suka fito, sun saba da rubutun tun suna yara, kuma wani ɓangare na darasin murya waƙoƙin coci ne na Turai. Ka tambayi sashen yadda suke yi da ɗalibi Musulmi, ka kuma tattauna da mahaifinka da malaminka kafin tafiya, ba bayan an biya kuɗi ba. Malaman addini sun yi saɓani a kan kayan kiɗa, kuma a garuruwanmu har yau ana kallon kiɗa a matsayin sana'ar gado ta wasu gidaje. Wannan magana za ta biyo ka har cikin taron iyayen yara.

Akwai difloma, kamar ta makarantar MUSON a Legas mai shekara 2, da ta fasahar kiɗa a kwalejin kimiyya da fasaha ta Ibadan. A wajen ƙwarewar hannu MUSON tana gaba, amma gwajin shigarta yana son wanda ya riga ya yi nisa, zaman Legas ba na mai ƙaramin ƙarfi ba ne, kuma a ƙarshe sai ka sake neman takardar malanta. Makarantun kiɗa na soja kuwa na wanda ya shiga kaki ne.

Saura hanyar da ba ta da fom. A Kano da Haɗeja da Gumel da Kazaure da Dutse akwai masu algaita da kakaki da tambari a fada, akwai makaɗan kalangu na mahauta da na biki, akwai masu gurmi a ƙasar da ta fitar da Haruna Uji, akwai masu bandiri a zawiyoyin Ƙadiriyya. Abin da ke hannunsu babu jami'ar da za ta ba ka shi cikakke: yadda kalangu ke bin hawa da saukar muryar Hausa har ya faɗi suna, yadda ake matse tsarkiya a hammata sautin ya tashi a sassauta ya sauka, yadda mai algaita ke tara iska a kumatu yana shaƙa ta hanci busar ba ta yanke ba. Jami'ar Ahmadu Bello ta ba Mamman Shata digirin girmamawa a 1988, amma SUBEB ba ta ɗaukar malami da iya kiɗa kawai. Don haka wannan hanya ba ta maye gurbin takarda, takarda ma ba ta maye gurbinta. Wanda ya fi kowa daraja a makarantar karkara shi ne mai NCE ko digiri da ya yi hutunsa a gindin makaɗin garinsu. A je da goro, a yi gaisuwa yadda ta dace, a ce “Baba, na zo ɗaukar karatu ne,” a kuma yarda a fara da ɗaukar kaya da amshi.

Yanzu ga yadda ake gane sashen da ya cancanci kuɗinka. Je da kanka, ko ka aiki wanda ka yarda da shi, ranar aiki da la'asar. Idan ka ji ƙarar busa da kiɗa daga ɗakuna daban-daban, alama ce mai kyau. Idan shiru ne kuma kayan na kulle a ofishin shugaban sashe, ka yi tunani. Ƙirga fiyano nawa ke aiki, ba nawa ke ajiye ba. Tambayi ɗaliban ajin ƙarshe ko ana zama da malami mutum ɗaya-ɗaya a kan babban abin kiɗansu kowane mako, ko kuwa mutum ashirin ne a kan ƙaho guda. Tambaya ko ana koyar da kayan busa da ganguna na badujala, domin wasu sassan fiyano da murya kaɗai suka sani, kai kuwa makarantar da za ka je ba ta da wuta. Sannan ka tabbatar hukumar kula da jami'o'i, NUC, ko ta kwalejojin ilimi, NCCE, ta amince da kwas ɗin a shekarar da za ka nema. Wanda zai nemi bashin karatu na NELFUND ya duba ko makarantar tana cikin tsarin.

Wajen zaɓen babban abin kiɗa, ɗauki wanda za ka iya koyarwa a ƙarƙashin darbejiya. Ƙahon Turawa mai maɓalli 3 ya fi dacewa, domin wanda ya iya shi zai iya koyar da begila, wadda ba ta da maɓalli kuma sautuka kusan 5 kawai take bayarwa, duk da leɓe ake sarrafa su. Ka riƙe cewa ƙahon da aka fi samu yana fitar da sauti ƙasa da abin da aka rubuta da mataki guda, shi ya sa sabon malami kan haɗa shi da fiyano a kan takarda ɗaya sai a ji kamar ana faɗa. Don koyar da aji guda kuwa, sarewar roba mai huda 8 ta fi komai araha, amma tsarin yatsunta iri biyu ne, na Jamus da na Baroque. Idan aka sayo gauraye, sautin fa ba zai taɓa daidaita ba, sai ka yi ta yi wa yara faɗa a banza. Duba ƙaramin harafin G ko B da ke bayan sarewar, a saya iri ɗaya, kuma kowane yaro da tasa saboda mura da tari. Fiyanon lantarki mai maɓalli 61 ya isa aikin gida, a samo wanda ke cin batir ko ke aiki da sola.

Kayan kuma yanayinmu ne ke kashe su, kuma kwalejoji kaɗan ne ke koyar da kula da su. Ƙurar hunturu tana shiga maɓallan ƙaho su maƙale, sai wani ya ɗiga man gyaɗa ko baƙin mai, ya daskare ya gama da su. Mai na musamman ake sa musu, ɗigo 2 ko 3, bayan an goge da ƙyalle mai tsabta, kuma a mayar da kowane maɓalli ramin da ke da lambarsa, in ba haka ba iska ba za ta wuce ba. Fatar ganga tana ɗamewa da hunturu har ta tsage, da damina ta saki ta yi luɓus, don haka a sassauta ta kafin a ajiye, a ɗan sa ta a rana kafin a kaɗa. Gangar fareti mai fuskar roba ba ruwanta da wannan, sai dai a ɗaure kusoshinta bi da bi, wannan sannan na daura da shi, kada da'irar ta karkace. A rataye komai a bango nesa da ƙasa, domin gara da ɓera sun fi yara ɓarna a lokacin dogon hutu.