Tabaran VR na Farm Centre da yawon titunan Pompeii

Tabaran na VR ne, wato wanda idan ka saka za ka ga kamar kana cikin wurin da ake nunawa, irin na roba da ake zura waya a ciki, a kasuwar waya ta Farm Centre da ke Kano na saye shi, mai shagon ya ɗora min wata manhaja ta yawo a Pompeii, garin Romawan nan na kusa da Napoli a Italiya wanda dutsen Vesuvius ya yi aman wuta ya binne da toka a shekarar 79 miladiyya. Sai 1748 aka fara tono shi sosai.

Titunan kaɗai sun biya ni kuɗina. Idan ka sunkuyar da kai za ka ga shimfiɗar baƙin dutse da ramin da ƙafafun amalanke suka ci a jikinsa. A tsakiyar hanya an jera manyan duwatsu, mai tafiya ya taka ya tsallaka ba tare da ƙazantar titi ta taɓa shi ba, an kuma bar tsakaninsu yadda amalanke za ta wuce. Na daɗe a titin da ake kira Via dell'Abbondanza ina leƙa kantocin masu abinci, inda aka binne randuna a cikin kanta. Ga gidan burodi da dutsen niƙa da jakuna ke juyawa, har burodin da ya ƙone ya zama gawayi an nuna. Wurin wankin Stephanus kuwa, da fitsari ake cire dattin kaya, Allah ya kyauta. Bangwaye cike da jan rubutun 'yan takara, kai ka ce Kano ce a kakar zaɓe.

Bayanin duk da Turanci ne, kuma mai maganar sauri yake. Hajiyarmu ta saka, sai da na tsaya ina yi mata tafinta. Da ta iso kan siffofin mamatan, waɗanda Giuseppe Fiorelli, masanin tono kayan tarihi ɗan Italiya, ya fara fitarwa a 1863 ta hanyar zuba farar ƙasa a ramukan da gawarwaki suka bari cikin toka, ta cire ta ce ya isa haka.

Shi kansa tabaran sai a hankali. Soson da ke taɓa fuska yana tara zufa a zafin nan namu, waya ta yi zafi, caji ya zube, idan ka cika juya kai jiri ya ɗebe ka. Mai gilashin magani zai sha matsi. A sauke manhajar gaba ɗaya tun a shago, don tana cin data, kuma a zaune za a kalla.