Gundam ɗina na farko da gyaran da ya ɓata min shi

Sai da na bari sati uku suka wuce kafin na zauna rubuta wannan, don da a ranar da abin ya faru na rubuta, zagi kawai za ku karanta. Yanzu zuciya ta ɗan sauka, ko da yake ban yi alkawarin ba za ta sake tashi ba kafin in kai ƙarshe.

Abin da na saya shi ne HG RX-78-2 Gundam, ɗan mutum-mutumin roba na wani injin yaƙi daga katun ɗin Japan, wanda ke zuwa yanki-yanki kai ka haɗa da kanka. Ajin HG ne (High Grade), ma'aunin 1/144, wanda kamfanin Bandai suka sabunta a 2015, mai lamba 191 a jikin kwali. A wajen wani matashi da ke sayar da irin kayan nan ta Instagram na saya. Masu harkar sun san shi, ba sai na kama suna ba. Kuɗin ma ba zan faɗa ba, saboda uwargida tana karanta abin da nake rubutawa. Abin da zan ce kawai, lokacin da kayan ya fito a Japan yen 1,000 ne kafin haraji, kuma kun san yadda yen 1,000 ke kumbura idan ta hau jirgi ta sauka, ta bi ta hannun mutum biyu, sannan ta hau motar tasha zuwa Zariya.

Ni ba ɗan gani-kashe-nin katun ɗin Japan ba ne. Haɗawar ce ta ja ni. Duk wanda ya tashi a unguwa irin tamu ya yi motar kara: ka ɓare ɓawon karan dawa, ka yayyanka totuwar, ka soka wannan cikin wancan har mota ta tashi, ba gam ba ƙusa. Da na ga bidiyon wani yana haɗa Gunpla, wato irin waɗannan Gundam na roba, sai na ce ai wannan motar kara ce ta yaran da iyayensu ke da masana'anta.

Kuma wallahi kayan bai ba ni kunya ba. Da na buɗe kwalin na tarar da firam-firam na roba cikin leda, kowanne da harafinsa, A, B, C, kowane ɗan yanki da lambarsa a gefe. Takardar jagora duk zane ce, ba sai ka iya Japananci ba. Akwai firam guda da ya ɗauko launuka daban-daban a jiki ɗaya, shuɗi nan, ja can, rawaya a gefe. Na juya shi ya fi sau goma ina neman inda aka liƙa su, babu, haka aka zubo shi daga inji. Dare uku na yi ina haɗawa, bayan Isha, a kan tabarma, da fitila mai caji tunda kun san halin wutarmu. Duk yankin da ka danna cikin ɗan'uwansa sai ka ji ƙas, ya zauna daram kamar dama can tare aka halicce su. Wannan ƙas ɗin ita na saya, ba komai ba. Na farkon da kamfanin ya fitar a watan Yulin 1980 kan yen 300 launi ɗaya ne, sai ka nemi gam ka liƙa, ka nemi fenti ka shafa. Wanda ke hannuna kuwa yana gama haɗuwa ya fito da farinsa da shuɗinsa da jansa, ga bindiga, ga bazuka, ga garkuwa, ga takubba biyu a baya. A labarin katun ɗin tsayinsa mita 18 ne, a nan kuwa santimita 12 da rabi, bai kai biro ba, amma yana lanƙwasa gwiwa ya durƙusa kamar mai gaida sarki.

Kurakuran da na yi a wannan matakin nawa ne, ban ɗora wa kowa ba. Da abin yanke farce na riƙa cire yankunan daga firam, shi ya sa ƙirjinsa shuɗi ya cika da fararen tabo a duk inda na matse robar. Sai a dare na biyu na gane ana yanka sau biyu ne, na farko nesa da jiki, na biyu a share ɗan kututturen da ya rage da reza. Ƙahon goshinsa kuma yana zuwa da wasu 'yan kunnuwa a tsini, an bar su don kada ya soki yara. Na fere su gabana na faɗuwa, na kuma dace.

Uwargida ta leƙo ta ce, “Abban yara, yanzu 'yar tsana ce ta hana ka barci kwana uku?” Hajiyata da ta zo ranar Juma'a ta kalle shi a kan kanta ta ce, “Wannan gunkin fa?” Na ce, “Hajiya, inji ne, kamar tankar yaƙi ce mai ƙafafu, mutum ne ke shiga ciki ya tuƙa.” Ta ce Allah ya shirya. Har zuwa nan, da an ce in ba kayan maki, goma bisa goma zan ba shi, in ƙara wa mai sayarwa addu'a.

To ga inda gizo ke saƙar. A cikin kwalin da ya aiko akwai wata 'yar kwalba irin ta turaren ɗurawa, ba suna ba rubutu, cike da baƙin ruwa. Ya turo min saƙon murya ta WhatsApp cewa wannan gyara ce ya ba ni tunda sabon kwastoma ne ni. Tawadar layi ce, in ji shi. Idan na gama haɗawa tsaf, in ɗiga ta a kan tsagogin da ke jikin robar, za ta bi layin da kanta, wanda ya fita waje kuma in goge da tina. Na tambaye shi wace irin tina. Ya ce kowace iri ma ta yi. Saƙon yana nan a wayata, na saurare shi ya kai sau ashirin tun daga ranar, don in tabbatar ba kunnena ne ya ƙara ba. “In ka gama haɗawa.” “Kowace iri ma ta yi.”

Na je wajen mai fentin kujerun bakin layinmu ya tsiyaya min tina a murfin kwalba. Da daddare na zauna. Gaskiya ko ta kare ce a ba shi, abin yana da daɗin kallo. Ka taɓa bakin tsaga da ɗan tsinke, sai ka ga baƙin ya zuro da gudu ya bi layin har kwana, kamar ruwan ban-ruwa a fadama. Fuskar ta fito, ramukan iskar ƙirji suka fito, abin da ɗazu yake kama da kayan wasan yara ya koma kamar ƙarfe. Daɗi ya ɗebe ni. Na bi cinya, na bi ƙwauri, na bi kafaɗa, duk inda na ga layi sai na ɗiga, har da inda yanki biyu suka haɗu, wanda ba layin ado ba ne, bakin haɗi ne. Na jiƙa audugar goge kunne sharkaf da tina na yi ta gogewa. Ɗakin ya ɗauki wari kamar garejin masu fentin mota, har aka kore ni tsakar gida. Na ɗauki hoto na tura wa abokai biyu, na kwanta ina jin kaina wani injiniya.

Da na dawo daga Asuba na nufi kanta in sake kallonsa. Sai na ga wani siririn layi a cinyar dama wanda ban zana ba. Na ɗauka gashi ne, na hura, bai tashi ba. Na sa farce, sai farin murfin cinyar ya buɗe gida biyu. Na ɗaga hannun hagu in duba ko nan ma akwai, gwiwar hannun ta ruguje tsakanin yatsuna kamar ƙuli-ƙuli, garkuwar ta faɗo ƙasa da guntun hannun a jikinta. Ban matsa ba, ban murɗa ba, ɗagawa kawai na yi. Na zauna a bakin gado riƙe da hannun inji, ni babban mutum mai iyali, idona ya kawo ruwa. Garin neman gira na rasa ido.

Daga baya na bi bayanan masu harkar na gane abin da ya faru, kuma ashe abu ne da duk wanda ya kwana biyu a cikinta ya sani. Wannan ƙas ɗin da nake yabo, matsi ne ke kawo ta. Tsinken roba yana shiga ramin da ya ɗan yi masa kaɗan, don haka duk inda aka haɗa, robar a takure take, da ƙananan tsagu da ido ba ya gani. Tawada mai narkakken fenti da tina idan ta samu wannan wurin sai ta sulale ciki, tunda kuma an riga an rufe, ba ta da hanyar bushewa. Ta kwana a ciki tana cin robar har ta mayar da ita gautsi. Shi ya sa masu yi da irinta suke ɗigawa tun yankunan suna kan firam, ko bayan sun fesa wani siririn rufi mai sheƙi a kai, kuma ɗan kaɗan suke sa wa. Sabon shiga irina kuwa alƙalami mai siririn baki ya kamace shi, irin Gundam Marker, GM02 mai ruwan toka a kan farar roba, GM01 baƙi a kan mai duhu, GM03 ruwan ƙasa a kan ja da rawaya. In ya kauce ka goge da yatsa ko abin goge fensir. Wasu ma da fensir mai tsini suke yi. Wato duk abin da mutumin nan ya gaya min, kishiyarsa ce daidai.

Na kira shi. Na yi sallama, na gaishe shi, na tura hotuna. Ya ce, “Kai, Yallaɓai, ai cika masa ka yi.” Na ce, “Malam, kai ka ce in na gama haɗawa, kai ka ce kowace tina.” Ya ce shi haka yake yi kuma nasa bai taɓa fashewa ba. Na tambaye shi mene ne a cikin kwalbar, wane kamfani ne. Ya ce haɗi ne na musamman. Haɗi na musamman! Na ce to ko zai samo min cinya ɗaya da hannu ɗaya in biya. Ya ce ba a sayar da yanki-yanki a wajensa, sai dai in sayi wani kwalin, zai rage min wani abu. Sannan ya ƙare da cewa ai kyauta ya ba ni, ba sayar min ya yi ba. Wannan maganar ce ta fi fashewar ciwo. Mai tumatir a kasuwa in ta ba ka gyara, ba ruɓaɓɓe take ɗora maka a kan masu kyau ba.

Da haushi ya ɗan lafa na ce bari in gyara da kaina, nan ma na ƙara. Sufa-gulu na kanti na sa. Ya kama, amma ya bar wani farin hazo a kewayen wurin kamar an barbaɗa gari, gwiwar hannun kuma ta sandare, ba ta ƙara lanƙwasawa. Ashe akwai gam na musamman da ke narkar da bakin robar ya haɗe ta ta koma abu ɗaya, shi ya dace da cinyar. Wannan kam laifina ne, gaggawa ce.

Akwai ranakun da nake cewa rabin laifin duka nawa ne. Wa ya aike ni zuba ruwan da ba shi da suna a kan abin da na kashe wa dare uku? Da na yi bincike na minti biyar da na tsira. Amma sai in sake kunna saƙon muryar nan, in ji yadda yake magana da tabbaci kamar shi ya ƙera robar, sai rabon ya koma kashi tara nasa, ɗaya nawa. Kuma tunda an zo nan, bari in faɗa: kwalin ma a lotse ya iso ta kusurwa guda, don leda ɗaya tal ya naɗe shi da ita ya miƙa wa direba. Na yi shiru a lokacin saboda kayan ciki ba su taɓu ba. Ya kuma ce kwana uku, sai da aka yi tara. Duk na yafe a lokacin. Yanzu ban yafe ba.

Kayan kansa dai ina nan a kan bakana. Wanda ke son ya gwada wannan harka ya fara da shi, ko da ajin Entry Grade na sababbin shiga da ya fi shi sauƙi, wanda ko abin yanka ba ya buƙata sosai. Ya sayi ƙaramar filayar yanka ta kirki tun farko, ya bar abin yanke farce wa farce. Idan mutumin nan ne zai sayar masa, to ya karɓi kwalin ya ce a bar kwalbar.

Nawa yana cikin shogilas ɗin falo saboda ƙurar hunturu, na tsayar da shi a karkace yadda garkuwa ta rufe hannun da ya sandare, cinyar dama kuma ta fuskanci bango. Ƙaramar 'yata ce kaɗai ta gane. Jiya ta tsaya ta daɗe tana kallo ta ce, “Abba, an harbe shi ne?” Na ce eh, a yaƙi. Na riga na sa wani ƙanena da ke zuwa Guangzhou sarin kaya ya duba min ajin MG (Master Grade) da ya fi wannan girma, mai ma'aunin 1/100, santimita 18, na kuma tura masa hoton tambarin kamfanin sau uku don kada a haɗa shi da jabu. Uwargida ba ta sani ba tukuna, ko da yake yanzu ta sani.