Tobogan na roba ko lilon mai walda? Hajiya, ki nufi wurin mai walda

Hajiya, sannu da ƙoƙari, Allah ya ba da ladan tara yaran unguwa. Tsakanin tobogan ɗin robar da kika gani a kasuwa, wato abin da yara ke hawa su sulalo ƙasa, da lilon ƙarfen da za a ƙera miki, ki ba mai walda aiki. Duka biyun na mallaka. Ɗaya yana nan tsaye a tsakar gidana, ɗayan kuwa ɓallinsa muke tokare ƙofar akurkin kaji da shi.

Robar na fara saya, a Janairun 2022, lokacin da ake buga gasar Kofin Afirka a filin Rumde Ajiya da ke nan Garwa, a Kamaru. Garwa ta cika da baƙi, kowa hannunsa na ƙaiƙayi, ni ma ga shi na kwashi adashi. Ja ne da ruwan ɗorawa, yana ta sheƙi, yara suka yi kwana uku ba sa son shiga ɗaki. Hunturu bai taɓa shi ba. Sai Maris ya shigo, Afrilu ya biyo, kin dai san zafin garin nan idan ya haura digiri 40. Launin ya koɗe, robar ta bushe ta yi ƙamas kamar tsohuwar ƙwarya, kafin damina ta kankama matakalar ta tsage a ƙarƙashin ɗan maƙwabciyata mai shekara 5, ta karce shi a cinya. Kunyar da na ji ranar ta fi asarar kuɗin ciwo. Don kada in ci haƙƙinsa: ba shi da nauyi, ana iya jan shi cikin falo, kuma idan yaranki duk 'yan ƙasa da shekara 2 ne zai ɗan yi miki kwana biyu. Iyakar alherinsa ke nan.

Lilon kuwa baban yara ne ya kawo shawararsa, ni har na so in ƙi, don ina ganin ƙarfe da yara ba sa haɗuwa. Wani dattijon mai walda ya zo gidan da kansa, bai fara da awo ba, sai da ya tsaya ya dubi inda inuwar darbejiyarmu take faɗuwa bayan la'asar, sannan ya zana ƙasa da ƙafarsa ya ce nan za a kafa. Ƙafafu huɗu a buɗe, an binne su da siminti, sanda ɗaya a sama, mazauni biyu. Kuɗinsa da na tobogan ɗin kusan kunnen doki suka yi. Ya sha damina ya sha rani, abin da ya ci mana tun lokacin shi ne fenti sau ɗaya da ɗan baƙin mai a maƙalan sarƙa idan suka fara kuka.

Duk Asabar bayan la'asar muke haɗuwa, mu shida zuwa bakwai, kowace da 'ya'yanta, yawanci waɗanda ba su kai shekara 4 ta shiga matarnel, wato makarantar ƙananan yara, ba, sai yayyensu da ke biyo su. Wata ta kawo makala, wato fanke, wata folere, wato zoɓo, mai sanyi, a baza tabarmi. Da yake mazauni biyu ne kawai, dole aka kafa doka: a tura ka sau ashirin ka sauka. Masu jiran layi su ne masu ƙirga, kuma ba sa yafe ko ɗaya. Wasu da Hausa, wasu da Fulatanci, go'o, ɗiɗi, tati, manyan kuma da Faransancin makaranta. A gindin lilon nan autana ya koyi ƙirga da harshe uku, ba wanda ya zaunar da shi. Akwai wata yarinya da ta yi wata guda tana maƙale da zanen uwarta, ko kallon lilon ba ta yi. Ranar da ta hau, da ƙyar aka ɓamɓare hannunta daga sarƙa lokacin da aka kira magariba.

Amma ki ji, ƙarfe yana da nasa sharuɗɗan, idan aka yi sakaci ya fi roba mugunta. Na farko inuwa. Ƙarfen da ya yini a rana yana ƙona fatar yaro kafin ya iya cewa wayyo, shi ya sa ba na son a ƙera miki tobogan na kwano ko da mai waldan ya ce kyauta zai ƙara miki. Lilo kawai, a ƙarƙashin itace, kuma ki riƙa taɓa sarƙar da bayan hannunki kafin a ɗora yaro. Mazaunin kada ya zama ƙarfe ko katako mai kauri, don ba mai hawa ne ya fi jin ciwo ba, mai gilmawa ta gaba ne. Mu yankakkiyar taya muka sa, aka goge bakinta, aka duba babu wayar da ta leƙo. Na ƙananan kuma aka yi masa kamar ɗan kwando mai wurin zura ƙafafu, da tokari gaba da baya. Kowace taya a huda ta a ƙasa, in ba haka ba ruwan damina ya kwanta ciki, ki wayi gari kina kiwon sauro a inda kika tara yara. Sarƙar a zura ta cikin tiyon ruwa daidai inda hannu ke kamawa, saboda 'yan yatsu.

Sai fili. A bar sarari gaba da baya, kowanne ya kai ninki biyu na tsayin sandar sama, ba bango, ba murhu, ba bakin rijiya. Ƙasan kuma kada ki bar shi daɓen siminti. Mu yashin Binuwai muka sa aka kawo, aka zuba kaurin santimita 30, don yana ragewa da tattaki. Da dare a rufe shi da tsohuwar tabarma ko buhu saboda kyanwa, a kuma tona shi da tsintsiyar kwakwa kafin yara su zo, don mun taɓa tsintar kunama a gefensa.

Ba ki tambaya ba, amma zan faɗa miki, ɓangarorin biyu akwai macuta. Masu roba za su rantse miki cewa kayan daga Faransa suka zo. Da yawa gwanjo ne da ya riga ya sha ranar wata ƙasa, ko ya shekara a baje a gaban shago, aka shafa masa mai ya yi ƙyalli. Ki danna gefensa da babban yatsa, idan ya yi fari ko ya yi ƙara, ki ajiye. Masu walda kuma wayonsu a bututu yake: ki biya kuɗin mai kauri, a yi miki da mara nauyi, a lulluɓe da fenti har da tsatsar. Ki aika wani namiji na gida ya sayo ƙarfen da kansa, ki ce kina son ganin aikin tsirara kafin a fenta, a duba kowace mahaɗa. Kafin alƙalami kada ya wuce rabi, in ba haka ba ki ga lilonki bayan Babbar Salla. Fentin ma ki saya da kanki a rufaffen gwangwani mai suna. Tun 2017 Kamaru ta hana fenti mai dalma da yawa, amma wanda ake aunawa a kwalba ba wanda ya san asalinsa, ga yara kuwa komai baki.

Gidan zu yana nan, mukan kai su can su ga birai idan an samu sarari, kamar lokacin Salla. Amma fitar da za a ɗauki mashin biyu, a biya ƙofa, a riƙe wannan a goya wancan, ba ta kowane mako ba ce.

In kin shirya, ki biyo ranar Asabar bayan la'asar da 'yan biyunki. Ki taho da igiya ki auna namu, ki kai wa mai waldanki.