Greenwood Rising a Tulsa, in kun shigo Oklahoma kar ku wuce shi

Jama'a duk wanda hanya ta kai shi jihar Oklahoma ta Amurka, don Allah ya ware rabin yini ya shiga gidan tarihin Greenwood Rising da ke birnin Tulsa. An buɗe shi ne a 2021, shekara 100 cif da kisan kiyashin da turawa suka yi wa baƙaƙen fata a unguwar Greenwood.

Abin da ya fi burge ni ba su fara da wutar da aka cinna wa unguwar ba, sai da suka nuna maka unguwar tana raye tukuna, otal ɗin J.B. Stradford, shaguna, gidan silima, likitoci da lauyoyi duk baƙaƙe, har da wani shagon aski da aka haɗa da hoton haske kamar mutanen gaske, ka zauna a kujera masu askin na ta hirarsu kana ji. Sai da ka saba da mutanen nan sannan a kai ka daren 31 ga Mayu 1921, lokacin da aka tsare wani saurayi mai shushaina, Dick Rowland, wai ya taɓa wata baturiya a cikin lifta, zargin da daga baya aka yi watsi da shi, amma ina, turawa sun riga sun yi dafifi a bakin kotu da bindigogi, washegari gidaje sama da 1,200 sun zama toka, mutum wajen 10,000 ba wurin kwana. Hukuma ta rubuta 36 ne suka mutu, masana tarihi na cewa za su iya kai 300. Wallahi a ɗakin nan jikina ya yi sanyi ƙalau.

Kuma sun kyauta da ba su tsaya nan ba, don mutanen sun sake gina unguwarsu da guminsu duk da kamfanonin inshora sun ƙi biyansu, sai ga shi bayan shekaru an zo an ratsa tsakiyarta da babbar hanyar I-244, ni wannan ya ma fi ci mini rai. Ko a 2024 kotun ƙolin jihar korar ƙarar neman diyya ta tsofaffin da suka tsira ta yi.

In kun fito ku taka a ƙasa zuwa cocin Vernon AME, ba nisa, ɗakinsa na ƙarƙashin ƙasa ya tsira daga wutar. Masu zuwa da ƙananan yara ku yi musu bayani tun a gida, wasu hotunan suna da nauyi sosai.