Tulun Ladi Kwali da Tulun Magdalene Odundo

Duka biyun da hannu aka gina su, ana ɗora yumɓu bisa yumɓu, kuma duka biyun ba a ɗebo ruwa da su. Amma kowanne da hanyarsa.

Ladi Kwali ta shiga cibiyar koyon ginin tukwane ta Abuja, Suleja ta yanzu, a 1954, ita ce mace ta farko a wurin. Ta zo da tulun Gwari yadda ta gaje shi: ƙaton ciki, gajeren wuya, ga zanen kunama da ƙadangare da hawainiya a jikinsa. Abin da ya canza shi ne yadda ake gasa shi. Aka shafa masa ruwan ƙyalli, aka gasa shi da wuta mai tsananin zafi, ƙofofin yumɓun suka toshe. Ya yi nauyi, ya daina sanyaya ruwa, ya koma abin kallo.

Odundo, haifaffiyar Nairobi, ta zo wannan cibiya a 1974 ta koyi gini a hannun mata irin su Ladi. Nata ba ruwan ƙyalli. Goge shi take yi da dutse har ya yi sheƙi, gashin farko ya fito ja, in ta sake gasa shi ta toshe iska ya koma baƙi. Wuyansa kan karkace kamar mace ta waiwayo.

Ni dai na Ladi ya fi kama ni, don har yanzu ana gane tulu ne. Na Odundo kuwa siffa ta fi zane magana, sai ka zagaya shi kafin ka gama ganinsa.