Tsohuwar MX-5 bayan zuwan sabuwar mota: in sayar ko in riƙe?

Lokacin da na sayi sabuwar mota, niyyata game da tsohuwar a fili take, wato in wanke ta, in kai ta wurin dillali, in karɓi abin da ya samu. Tsohuwar ita ce Mazda MX-5 ƙirar 2002, daga zubi na biyu da aka ƙera tsakanin 1998 da 2005, mai injin lita 1.8 da giyar hannu da rufin tamfol. Sabuwar ta ninka ta ƙarfi, tana canza giya da kanta, kuma cikinta shiru ne ko da ana zabga gudu, don haka ban ga dalilin ciyar da motoci biyu masu kujera bibbiyu ba.

Abin da ya dagula lissafin shi ne tafiyar kai ta wurin dillalin. Ta daɗe a ajiye, sai da aka yi wa batirin caji kafin ta tashi, kuma na bi wata hanya mai yawan kwana domin injin ya ɗumama sosai kafin a duba ta. Tun a kwanar farko na ji abin da na rasa ba tare da na sani ba. Sitiyarinta mai aiki da matsin mai ne, wato haidrolik, saboda haka duk abin da tayoyin gaba suka taka yana zuwa tafin hannu, alhali sitiyarin lantarki na sabuwar yana juyawa daidai amma ba ya gaya wa direba komai. Nauyinta kaɗan ya haura tan ɗaya, injin yana gaba, tayoyin baya ne ke tura ta, kuma nauyin ya rabu kusan daidai tsakanin gaba da baya, shi ya sa take shiga kwana ba gardama. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne na yi ta hawa da sauka a giya, injin yana ta kuka son ransa, amma ban wuce iyakar gudun da doka ta yarda ba. A sabuwar kuwa, kafin mutum ya fara jin daɗin taka totur ya riga ya zama mai laifi.

Da wannan farin ciki na isa, dillalin kuma ya tarbe ni da abin da ya ƙarasa aikin. Ya zagaya motar, ya shuri taya, bai ko ɗaga bonet ba, ya taya ta kamar wanda ake roƙo ya kwashe tarkace daga ƙofar gida. Ya san sarai cewa wannan mota ba ta rasa masu nema, domin tun 2000 ta shiga kundin bajinta na duniya na Guinness a matsayin motar gudu mai kujera biyu da aka fi saya, kuma a 2016 aka ƙera ta miliyan ɗaya, wanda ke nufin kayan gyaranta ba su da wuyar samu. Na karɓi makullina na koma da ita gida, ina cewa ba mai raba ni da ita.

Zafin ya ragu da bakanike ya miƙo mini jerin abubuwan da take buƙata. Lambobi huɗun da ke gefen taya, masu nuna mako da shekarar ƙira, sun nuna tayoyin sun tsufa ko da yake zanensu bai cinye ba. Man birki yana tsotsar danshi, don haka ana canza shi duk shekara biyu ko motar ta motsa ko ba ta motsa ba. Bel ɗin taimin, wanda ke daidaita juyawar sassan injin, ya kai lokacin canji, robar saman lagireto ta fara sauya launi, tamfol ɗin kuma yana ɗiga ta wajen ɗinki. Babu laifin ƙira a ciki, shekaru ne da zaman banza. A kan wannan ga inshora biyu, ga takardu biyu, ga wurin ajiya. Nan ne na tuna dalilan da suka sa na nemi wata tun farko: ƙarar iska a doguwar tafiya, but ɗin da ba ya ɗaukar abin kirki, da ciwon bayan da ƙaramar mota irin wannan kan bar wa dogon mutum.

A yanzu na riƙe ta, amma da sharaɗin za ta riƙa hawa titi kowane mako, domin ajiyar ce ta fi cinye ta. Na kuma ce bakanike ya ɗaga ta ya duba ƙarfen da ke ƙarƙashin ƙofofi da sandunan gaba da ke ɗauke da injin, inda tsatsa ta saba ɓuya a motoci masu wannan shekaru. In ya tarar ta ci ciki, zan sayar wa wanda ya iya walda kuma yake son motar, kai tsaye, ba ta hannun dillali ba.