JSON, Protobuf ko CBOR: abin da za ku duba kafin manhajarku ta fara ɗaukar kuɗin mutane

Yawancin manhajojin da samarinmu ke rubutawa a Legas, daga na lissafin kaya a kasuwar Mile 12 zuwa na masu POS a Agege da Idi-Araba, haɗin yarukan kwamfuta ne. Ta waya da Kotlin ko Dart, shafin intanet da JavaScript, saba kuma, wato kwamfutar da ke ajiye bayanan manhajar, da PHP ko Go ko Python. Duk lokacin da waya za ta aika wa saba bayani, sai an ƙunshe shi cikin wani tsari, irin JSON, Protobuf ko CBOR, can kuma a kwance. Masu zaɓe sun fi tambayar wane tsari ya fi sauri. A ganina akwai abin da ya riga wannan: in laburaren Kotlin, wato shiryayyen kod ɗin da ke ƙunshewa da kwancewa, ya rubuta, na PHP zai karanta abin da aka rubuta daidai? Kuma wa ya gwada?

Amsar tana wurin gwajin bin ƙa'ida. Tarin misalai ne da ake ɗura wa kowane laburare, waɗansu lafiyayyu da dole ya karɓa, waɗansu gurɓatattu da dole ya ƙi. Kamar awon mudu ne: sunan ɗaya ne a kowace kasuwa, amma sai an zuba hatsi ake sanin ko cikinsu ɗaya.

Mu fara da JSON, tunda shi ne a hannun kowa, kuma da shi kamfanonin biyan kuɗi ke magana. Ƙa'idarsa gajeriya ce, tana cikin takardar ƙa'idar intanet mai lamba RFC 8259 ta shekarar 2017, amma ta bar wurare da dama a buɗe. A 2016 Nicolas Seriot ya haɗa JSONTestSuite, misalai sama da 300, ya gwada laburare na yaruka da yawa, ya tarar da saɓani ko'ina. Fayilolin da sunansu ya fara da y dole a karɓa, masu n dole a ƙi, masu i kuwa ƙa'ida ta bar wa kowa ya yi yadda ya ga dama. A rukunin nan na uku rigima ta fi yawa.

Ga yadda abin ke shafar mu. Lambar JavaScript ta yau da kullum ba ta riƙe cikakken adadi da tabbas idan ya wuce 9007199254740991. Ku buɗe burauza ku ba JSON.parse, mai kwance JSON a JavaScript, lambar 9007199254740993, za ta dawo muku da 9007199254740992, ba gargaɗi ba komai. Wannan ne ya sa Twitter ta ƙara id_str, wato lambar saƙo a matsayin rubutu. To lambar shaidar tiransifa tsakanin bankuna da NIBSS, kamfanin da ke haɗa bankunan Najeriya, ke aiki da ita harafi 30 ce. In aka aika ta a matsayin adadi, ta lalace, kuma ranar da kwastoma ya zo yana cewa an cire masa kuɗi bai shiga ba, ba ku da abin da za ku miƙa wa banki. Lambar asusu mai harafi 10 kuma sau da yawa da sifiri take farawa, JSON bai yarda adadi ya fara da sifiri ba. Saboda haka lambar asusu, BVN, NIN da lambar waya duk rubutu ne, a sa su cikin alamar zance. Kuɗi kuwa a kobo, cikakken adadi ba ɗigo, yadda kamfanin biyan kuɗi na Paystack ke karɓa: naira 5,000 ita ce 500000. Dalili shi ne 0.1 da 0.2 a lissafin ɗigo na kwamfuta suna ba da 0.30000000000000004.

Akwai wanda ya fi wannan haɗari. In sunan gurbi ɗaya ya zo sau biyu a saƙo, misali "kudi" na farko 100, na biyu 100000, JavaScript da Python na ƙarshe suke ɗauka, waɗansu laburaren na farko, waɗansu su ƙi saƙon gaba ɗaya. In mai tantancewa ya ga na farko, mai biya ya ga na ƙarshe, kun buɗe wa ɓarawo ƙofa. Python kuma yana rubuta NaN, alamar "ba adadi ba ne", in ba a hana shi ba, alhali ƙa'ida ba ta san shi ba, JSON.parse kuma zai ƙi shi. Laburaren Go na asali ba ya bambanta babban baƙi da ƙarami wajen haɗa suna da gurbinsa.

Har haruffanmu masu ƙugiya sun shigo ciki. Python da PHP suna mayar da ƙ zuwa \u0199, JavaScript ya bar ta yadda take. Duka biyun halal ne a ƙa'ida, amma bayit ɗin, wato ainihin lambobin da kwamfuta ke aikawa, sun bambanta. Wanda ya kwance saƙon sanarwar biya, ya sake ƙunshewa, sannan ya duba sa hannun dijital da ke tabbatar da sahihancin saƙon, zai iya ganin bai yi daidai ba saboda kwastoma sunansa Ɗanladi. A duba sa hannu a kan ɗanyen saƙon yadda ya iso.

Protobuf, wanda Google ta saki ga jama'a a 2008, shi ya fi kowa tsari ta wannan fuskar. Ana rubuta fasalin saƙo a fayil ɗaya, kowane gurbi da lambarsa da irinsa, a fitar da kod na kowane yare daga nan. A ma'ajiyar aikin akwai manhajar gwaji da ke tura wa laburare saƙonni ta duba amsarsa, kuma akwai jerin gwaje-gwajen da aka san kowane yare yana faɗuwa, a fili kowa ya karanta. Wannan gaskiyar ita ta fi burge ni. Sai dai yana da tsada ta wani gefen: ido ba ya karanta saƙon, ba a sake amfani da lambar gurbin da aka goge, kuma masu shi da kansu sun ce kada a dogara cewa yaruka biyu za su fitar da bayit iri ɗaya. Matsalar babban adadi a JavaScript ma tana nan, wani laburare ya ba ku rubutu, wani BigInt, wato nau'in adadi na musamman don manyan lambobi. In ba laburaren Google kuka ɗauka ba, ku nemi sakamakon gwajinsa. Protobuf ya dace da masu saba da yawa da ke magana da juna.

CBOR, RFC 8949 ta 2020, yana da misalan gwaji cikin ƙa'idar kanta, da dokokin fitar da bayit iri ɗaya ga mai buƙatar sa hannu. Ga ƙananan na'urori shi zan zaɓa a kan MessagePack, wani tsari mai kama da shi, wanda tsohon fasalinsa bai raba rubutu da ɗanyen bayit ba. In kuwa tsimin data kawai kuke nema, ku fara matse JSON da gzip, manhajar rage girman fayil, ku auna.

YAML, wani tsarin rubuta bayanai, a bar shi ga fayilolin saiti. PyYAML, laburarensa na Python, yana bin fasali na 1.1, inda kalmar NO ke zama false, wato "ƙarya", lambar asusu irin 0123456701 kuma ta koma wani adadi daban.

Ga ƙaramar ƙungiya mai waya ɗaya da saba ɗaya, JSON ya wadatar, muddin kun haɗa naku misalan: lamba mai harafi 30, asusu mai sifiri a gaba, suna mai ɓ, ɗ, ƙ da ƴ, alamar ₦, sunan gurbi ɗaya sau biyu a saƙo, da gurbin da babu komai. Kowane yare ya rubuta, kowane ya karanta na ɗan'uwansa, a kwatanta. Ku Alhazai masu ba da kwangilar manhaja, ku sa a yarjejeniya cewa sai an nuna muku wannan gwajin ya wuce kafin cikon kuɗi, kuma a sake gudanar da shi duk lokacin da aka sabunta laburare.